Tsakar Gida Ajin Farko: Koya wa Ƙaramin Yaro Launuka da Aikin Hannu

    

Yau maganarmu a kan ƙananan yara ce, 'yan shekara 2 zuwa 5, waɗannan da suke riƙe da gefen zanenmu daga ɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa bakin rijiya. Da safe yayyensu sun ɗauki allo ko jaka sun fice, su kuwa an bar mana su. Yawancinmu abin da muke nema a wurinsu shi ne su zauna shiru mu gama aiki. In yaro ya taɓa wake mu ce bari, in ya ɗauki ludayi mu ce ajiye, in ya tsoma hannu a ruwa ya sha ranƙwashi. Haka zai tashi tsakanin "bari" da "ajiye" har ranar da za a kai shi aji ɗaya. A can a ba shi fensir ya kasa riƙewa, a ce ya ɗauko jan littafi ya tsaya yana rarraba ido, waɗanda suka yi nazare suna yi masa dariya. Daga nan sai a laƙaba masa daƙiƙi, kuma kin san irin wannan suna in ya kama yaro da wuya ya sake shi. Alhali kansa lafiya lau, wanda zai ɗan shirya shi kawai ya rasa.

Na san wata za ta ce, "To ni da ban yi boko ba, ba na fita, maigida kuma ba shi da kuɗin nazare, me zan iya?" 'Yar uwa, ki ba ni aron kunnuwanki. Abin da ake yi a ajin nazare na ƙwarai, kusan dukkansa za ki iya yin sa a tsakar gidanki, da kayan da suke ɗakinki yanzu haka, ba tare da kin kashe ko sisi ba.

Me ake yi a ajin nazare?

Mu fara da asalin abin. Wani malami Bajamushe mai suna Friedrich Froebel shi ya sa wa makarantar ƙananan yara sunan da yake nufin "lambun yara" a yarensu, a shekarar 1840. Kayan karatu na farko da yake ba yaro wasu 'yan ƙwallaye ne guda 6 masu taushi da aka saƙa da zaren ulu, kowanne da launinsa. Bayan shi sai wata likita 'yar ƙasar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a shekarar 1907, don 'ya'yan ma'aikatan da iyayensu suke wuni a waje. Me take koya musu? Wanke hannu, shara, ɓalla maɓalli, zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan ba tare da ya zube ba. Da ta zo koya musu launi, sai ta sa aka naɗe wasu 'yan katakai da zaren siliki kala-kala, bibbiyu, yaro ya nemo kowanne da ɗan uwansa. Ke mai ɗinkin hula, kin ji fa, zaren da ke cikin gwangwaninki ne. Har yau akwai makarantu masu tsada a manyan garuruwa da suke ɗauke da sunan wannan mata.

A nan Najeriya, dokar ba da ilmi matakin farko ga kowa ta shekarar 2004 ta haɗa har da kula da ilmin yaran da ba su isa shiga firamare ba, shi ya sa za ki ji ana cewa rabin aji a wasu makarantun gwamnati. Sai dai ba kowane gari ne yake da shi ba, inda kuma yake, sau da yawa yaran sun fi ƙarfin malama ɗaya. Ke kuwa naki ɗaya ne ko biyu, ga shi a gabanki wuni guda.

Abin da waɗannan malamai suka gano, wanda kakanninmu ma sun san shi, shi ne ƙaramin yaro da hannu yake karatu. Abin da ya taɓa, ya juya, ya ɗanɗana nauyinsa, shi yake zama a kansa. Abin da aka yi ta rera masa yana maimaitawa kamar aku, da an canza masa tambaya sai ya ɓace. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, taɓawa kuma a wurin yaro ta fi duka biyun.

Me ya sa launi yake ba yaro wuya?

Jariri yana fara rarrabe launuka da idonsa tun yana ɗan watanni kaɗan. Gani ba shi ne matsalar ba, sunan ne. In kin ce wa yaro "kofi", ga kofi zai ɗauka. In kin ce "akuya", ga ta can tana tafiya. Amma in kin ce "ja", ina ja yake? Ba a ɗaukarsa shi kaɗai. Yana jikin tumatir, yana jikin bokiti, yana jikin mayafinki, kuma waɗannan ba abin da ya haɗa su ta wajen siffa ko amfani. Sai yaro ya gane cewa akwai wani abu guda da suka yi tarayya a kai, wannan kuwa babban aiki ne ga ƙaramin kai. Shi ya sa za ki ga ɗan shekara 2 ya san sunan kowa a gida, ya san sunan kaza da tinkiya, amma kowane launi kika nuna masa sai ya ce ja. Yawancin yara sai wajen shekara 3 zuwa 4 sunayen launuka suke zauna musu, wasu ma har su kusa 5. Saboda haka kada ki tayar da hankalinki.

Mu Hausawa Allah Ya yi mana sauƙi a nan, domin sunayen launukanmu da yawa daga cikin gida aka ɗebo su. Muna da fari, da baƙi, da ja, da kore, da shuɗi. Sauran kuwa duba ki gani: ruwan toka, ga toka nan a murhunki. Ruwan ƙasa, kina tsaye a kanta. Ruwan goro, dubi bakin kaka in ta gama tauna. Ruwan ɗorawa, garin da ke cikin 'ya'yan ɗorawa ne da yara suke sha. Rawaya kuma sunan wani tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa. Ga ruwan hoda, ga ruwan zuma, ga ruwan madara, ga ruwan makuba da ake yi wa daɓe. Ashe ke nan littafin launukanmu a buɗe yake a tsakar gida. In za ki koya wa yaro ruwan toka, ɗebo tokar da ta huce ki nuna masa, ki ajiye ta kusa da ƙyalle mai irin launinta, ya ga dalilin sunan da idonsa.

Matakai uku

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambaya. A ɗaga abu a ce, "Wannan wane launi ne?" Yaro bai sani ba, ya yi shiru ko ya faɗi wani, a yi masa tsawa. Tambaya ita ce ta ƙarshe, 'yar uwa. Ga yadda za ki bi.

Kafin komai, ki bar shi ya haɗa abu da ɗan uwansa ba tare da suna ba. Ki samo murafen robar lemo, jajaye 3 da farare 3. Ki ajiye ja ɗaya a wannan faifai, fari ɗaya a wancan, ki miƙa masa sauran ɗaya bayan ɗaya ki ce, "Kai shi wurin ɗan uwansa." Ɗan shekara 2 yana iya wannan, kuma za ki ga yadda yake jin daɗi.

In ya iya, sai mataki na farko, wato faɗin suna. Ki ɗaga ɗaya ki ce, "Wannan ja ne." Ki ɗaga ɗayan ki ce, "Wannan fari ne." Ki ba shi ya riƙe, ki maimaita a hankali, ban da dogon bayani.

Mataki na biyu shi ne ki faɗi sunan, shi kuma ya nuna. "Miƙo mini ja." "Sa fari a kanka." "Ɓoye ja a bayanka." "Kai wa Inna fari." A nan za ki daɗe, kwanaki ma in ya kama, domin a nan ne sunan yake kama jikinsa. In ya miƙo miki fari a maimakon ja, kada ki ce a'a da ƙarfi. Ki karɓa ki ce, "Madalla, ka ba ni fari. Ga ja nan." Ki koma baya kaɗan.

Mataki na uku, bayan kin ga ba ya kuskure, shi ne tambaya: "Wannan wane launi ne?" Yanzu kam yana da amsa, kuma zai faɗe ta da alfahari.

Abubuwa uku za ki kiyaye a nan. Na ɗaya, launi biyu kawai a lokaci guda, kuma masu nisa da juna, kamar ja da fari ko ja da shuɗi. Ja da ruwan goro sun yi kusa, ki bar su sai gaba. Na biyu, da farko kayan su zama iri ɗaya, launi kaɗai ya bambanta su. In kin nuna masa tumatir kin ce ja, kin nuna masa ganye kin ce kore, zai ɗauka ja wani sunan tumatir ne. Amma murfi da murfi, kofi da kofi, ba abin da ya raba su sai launi, dole hankalinsa ya tafi can. Sai bayan ya kama ki fita da shi neman ja a jikin tumatir da bokiti da zakara.

Na uku kuma wata dabara ce ta magana. A Hausa muna iya cewa "jar riga", muna kuma iya cewa "riga ja". Wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa wani nazari a shekarar 2010 da ya nuna cewa ƙananan yara sun fi saurin kama launi in an fara ambaton abin, sannan launinsa ya biyo baya. Dalili a fili yake: da kin ce "riga", idonsa ya sauka a kan riga, da kin ce "ja", ya san abin da zai duba. To, tunda harshenmu ya ba mu zaɓi, ki riƙa ce masa, "Ɗauko kofin nan shuɗi," "Rigarka ja ce," "Akuyar nan baƙa ce ƙirin." Irin su ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, yara suna son su ƙwarai, suna yi musu daɗi a baki, kuma suna taimaka musu riƙe sunan.

Wasanni daga kayan gida

Na farko, tsince-tsince. Duk ranar da za ki tsince wake, ki ɗiba wa ɗan shekara 4 nasa a faifai, ki gauraya farin wake da ja, ko masara fara da mai ruwan ɗorawa, ki ba shi gwangwani biyu ya ware. Gujiya ta fi kowanne daɗin wannan wasa, domin a mudu ɗaya za ki sami fara da ja da baƙa da mai ɗige-ɗige. Ki lura da yatsun da yake ɗauka da su: babban yatsa da manuni da na tsakiya. Su ne dai yatsun da za su riƙe alƙalami da fensir gobe. Duk ƙwayar da ya tsinta, hannunsa yana ƙara ƙwari.

Na biyu, ƙyallaye. Ki aika wurin telan unguwa a tsinto miki ragowar yadi, ko ki duba ƙarƙashin kekenki in kina ɗinki. Ki zaɓi marasa zane, ki yanka su daidai tafin hannu, bibbiyu kowane launi, ki zuba a kwando ya haɗa kowanne da ɗan uwansa. Wannan ya dace da ɗan shekara 2, domin ba abin da zai haɗiye. In ya girma kaɗan, ki naɗe guntayen kara da zaren hula, ki ba shi shuɗi mai duhu da mai haske da na tsakiya, ya jera su daga mai duhu zuwa mai haske. Wannan yana wasa ido sosai.

Na uku, ranar launi. Da safe ki ce, "Yau ranar kore ce." Ku zaga gida tare, shi da ƙwaryarsa, duk abin da ya gani kore ya sa a ciki ko ya taɓa shi: ganyen zogale, kuɓewa, tabarmar roba, garin kuka. In an zo cin tuwo ki tambaye shi ko akwai kore a kwano. Da yamma in maigida ya dawo, yaro ya nuna masa abin da ya tara. Tuta ma abin koyo ce: ta Najeriya kore, fari, kore, ta Nijar ruwan goro, fari da kore, da ɗigo ruwan goro a tsakiya.

Na huɗu, rini. Ba sai kin sayi fenti ba. Jiƙaƙƙen zoɓo zai ba ki ja, kurkum ya ba ki rawaya, dakakken ganyen zogale ko alayyafo ya ba ki kore, gawayi ya ba ki baƙi, alli ko farar ƙasa su ba ki fari, bular wanki ta ba ki shuɗi. Ki zuba kaɗan-kaɗan a murafen kwano, ki ba shi bayan kwali ko tsohuwar takarda, ya dangwala da yatsa, ko ki tauna masa bakin tsinke ya zama burushi. Ki cire masa rigar kirki tukuna, don kurkum ba ya fita da sauƙi. Kada ki ce sai ya zana wani abu da za ki gane. Ja-in-layi da kewaye-kewayen da yake yi su ne farkon rubutu.

A nan akwai abin mamaki da za ki nuna masa. Ki ɗiga ruwan kanwa a cikin ruwan kurkum, nan take zai juye ya koma ja. Ki ɗiga a cikin zoɓo, sai jan ya gudu ya yi duhu. In kina da kalar da ake zuba wa kek ko alawa, ki haɗa shuɗi da rawaya ya ga kore ya fito, ki haɗa ja da rawaya ya ga ruwan goro. Kafin ki haɗa, ki tambaye shi, "Me kake gani zai faru?" Ki bar shi ya yi hasashe ko da shirme ne. Yaron da ya saba a tambaye shi ra'ayinsa ba ya jin tsoron ɗaga hannu a aji. Ki dai tsaya a kansa, waɗannan ruwaye na wasa ne, ba na sha ba.

Na biyar, zura zare. Ki yanka karan dawa gutsi-gutsi ki huda tsakiya, ko ki sami makaroni mai rami, ki rina rabi da zoɓo ki shanya. Ki ba shi igiyar takalmi ko zare mai kauri da kika ƙulle ƙarshensa. Da farko ya zura yadda ya ga dama. Daga baya ki fara masa: ja, fari, ja, fari, ki tsaya ki ce, "Saura wanne?" In ya iya, ki ƙara wuya: ja, ja, fari, ja, ja, fari. Gane abin da yake maimaita kansa shi ne tushen lissafi, kuma shi ne dai ilmin da ke cikin saƙar faifai da ɗinkin hula da kitso.

Na shida, zuba da awo. Ki ba shi ƙaramar ƙwarya da rairayi ko dusa, da ludayi da gwangwanin madara da mazurari. Ya cika, ya juye, ya sake cikawa. Ki riƙa sa masa kalmomi: ya cika, saura kaɗan, babu komai, wannan ya fi nauyi. Ku ƙirga tare ludayi nawa ne zai cika gwangwani.

Na bakwai, yumɓu. Ki ba shi curi ya murza, ya mulmula, ya yi tukunya da turmi da shanu kamar yadda muka yi muna yara. In kina da halin fulawa, ki kwaɓa gwangwani 2 na fulawa da gwangwani 1 na gishiri da ruwa kusan gwangwani 1 da ɗan mai, ki raba ki rina kowane kashi da launinsa. Gishirin yana hana shi saurin lalacewa in kin rufe shi a roba. Matsa da murzawa suna ƙarfafa tafin hannu.

Na takwas, rubutu a rairayi. Ki baza rairayi mai laushi a tire, ki ja layi da yatsa ya kwaikwaya: a tsaye, a kwance, kewaye, ƙugiya. In ya ɓata sai a girgiza tire a sake, ba kuka, ba asarar takarda. Daga nan alif da ba, da 1 da 2, za su zo da sauƙi. Ki nuna masa cewa rubutun allo daga dama yake tashi, na boko kuma daga hagu, don kada abin ya rikita shi daga baya.

Game da ƙirga kuwa, yaro ya rera ɗaya zuwa ashirin ba shi ne ya iya ƙirga ba. Ki ce ya ba kowa cokali ɗai-ɗai lokacin cin abinci, ko ya ɗauko miki albasa 3, ki ga ko zai tsaya a ukun. Ya riƙa taɓa kowane abu da yatsa yana faɗin lambarsa. Biyar da ya gane ta fi ɗari da ya haddace.

A yi hattara

Yanzu ki saurara da kyau, domin wannan ɓangaren ya shafi rai. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada ki ba shi wake, gyaɗa, gujiya, maɓalli, tsakiya ko wani abu da zai shige bakinsa. Zai iya shaƙe shi, ko ya cusa a hanci ko kunne. Shi nasa manyan abubuwa ne: kofuna, ƙyallaye, manyan murafe. Wanda ya haura 3 ma sai kina zaune kusa. In ƙwaya ta shige hanci ko kunne, kada ki sa tsinke, za ki ƙara tura ta ne, wake kuma kumbura yake in ya jiƙa. A kai shi asibiti a ranar.

Kada a yi wasan launi da ƙwayoyin magani, ko da sun lalace. Yaron da ya saba wasa da su, ranar da ya same su shi kaɗai sha zai yi, ya ɗauka alawa ce. Idon zakara, wannan ƙwaya ja mai baƙin kai, kyakkyawa ce amma guba ce mai kisa in an tauna. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Ƙananan batura na agogo da na tocila a nisanta su da yara, haka tsohon batirin da ya fashe. Ruwa a bahon wanka, ko kaɗan ne, kada ki bar yaro a kansa ki shiga ɗaki.

Ƙasar wasa ma a duba inda aka ɗebo ta. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun ma'adinin zinariya da ake daka wa a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara suke wasa a kai. In ana aikin ma'adini a yankinku, kada dutse ko ƙasar wurin su shigo gida. Bayan kowane wasa kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

In yaro bai kama ba fa?

Haƙuri dai. Yara ba ɗaya suke ba, ko 'yan ɗaki ɗaya ne. Kada ki gwada shi da ɗan kishiyarki ko ɗan maƙwabta a gabansa, kuma kada duka ya shiga wannan harka. Ranar da bulala ta shigo, wasa ya ƙare, koyo ma ya ƙare. Minti 10 zuwa 15 sun isa. Da kin ga ya fara waige-waige, ku tashi tun yana marmari, gobe shi zai jawo ki.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ki sani. Wasu yaran, galibi maza, ana haihuwarsu idonsu ba ya rarrabe wasu launuka, musamman ja da kore. Halitta ce da ake gado, ba laifin kowa ba ne, ba kuma aikin sammu ba ne. Yaron yana gani sarai, kansa lafiya, waɗannan launukan ne kawai suke yi masa kama da juna. In ɗanki ya kai shekara 5, ya iya fari da baƙi da shuɗi da rawaya, amma kullum yana cakuɗa ja da kore da ruwan ƙasa, ki roƙi maigida ya kai shi asibitin ido. Gwajin na 'yan mintoci ne, da wasu hotuna masu ɗige-ɗige. Ba a sha masa magani, amma sanin yana da amfani, don a gaya wa malaminsa kada ya riƙa dukansa a kan abin da ba ya gani. Haka nan in kin lura yana kai abu dab da idonsa kafin ya gani, ko kina kiransa ta baya ba ya juyowa, a duba idon da kunnen tun da wuri.

Bahago kuma, ki koya masa ci da sha da karɓar abu da dama cikin lallashi, kamar yadda addini da tarbiyya suka koyar. Amma wajen zane da tsince-tsince, in hannun hagunsa ya fi ƙwari, kada ki doke shi a kai.

Ina lokacin yake?

Na san aiki ya yi mana yawa, ga daka, ga wanki, ga girki, ga 'yar sana'a. Ai shi ya sa duk wasannin nan a jikin aikin suke. Kina tsince wake, yana ware nasa. Kina shanya, ki ce ya miƙo miki zanen nan shuɗi. Kina kwashe wanki, ya haɗa safa da 'yar uwarta. Kina yanka kayan miya, ya raba tattasai ja da kore, ban da attaruhu. In gidan yawa ne, ku raba kwana a kan wannan ma: wadda ba ta da girki ta tara yaran gidan duka a inuwa na ɗan lokaci bayan hantsi. Yaran za su shaƙu, su koyi jiran layi da ba juna aro, wanda shi ma babban darasi ne da ake koya a nazare. 'Yan mata yayyensu in sun dawo daga makaranta su taya ki. Kuma fa 'ya mace da ɗa namiji duk ɗaya ne a wannan, kada a ɗora wa yarinya goyo a bar ta tana kallo.

Karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'yan taru, jajis suna bin gari-gari suna kai wa mata ilmi har ɗakunansu. Zamanki a gida bai hana ki zama malama ba.

To, 'yar uwa, ga aikin da zan bar miki na wannan mako. Ki sami tsohon kwali ko kwando, ki tara murafe da ƙyallaye masu launi biyu kawai, ja da fari. Kwana biyun farko ya haɗa kowanne da ɗan uwansa. Kwana biyu na gaba ki faɗa masa suna, ki yi ta "miƙo mini". Sauran kwanakin ku zaga gida neman ja. Kada ki yi tambaya sai ranar ƙarshe. Mako mai zuwa ki ƙara shuɗi ko kore. Sannu ba ta hana zuwa, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan za mu dakata sai wani makon in Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya mana su, Ya ba su ilmi mai amfani duniya da lahira. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.